Zufar Ti-Lee Malveaux

Ƙanena Leander Malveaux ya yi shekara goma sha uku yana buga ƙwallon nan tamu ta Amurka, ta kwalkwali da gwabza kafaɗa, huɗu a jami'a, tara a gasar ƙwararru, ban da na sakandare, kuma har ya ajiye bai taɓa cin ƙwallo ko ɗaya ba. Ba aikinsa ba ne. Yana cikin ƙartin nan biyar da ake jerawa a gaba su zama katanga, su tare masu neman karya ƙashin mai jifan ƙwallo. In sun yi aikinsu daidai, ba wanda ya san suna filin. In ɗayansu ya yi kuskure, alƙalin wasa ya wurga ƙyallensa rawaya, ya kunna lasifika ya sanar wa mutum dubu saba'in lambar rigar mai laifi.

Mu a gida Ti-Lee muke ce masa, wato ƙaramin Lee, don akwai babban Lee, mahaifinmu, wanda har ya rasu bai kai rabin ɗansa ba. Ni ce babba, sunana Odile, na ba shi shekara huɗu. Na yi ta saɓa shi a kwankwaso har ya shekara biyu, daga nan na ce kowa ya ɗauki kansa.

Mama tana da gidan abinci a Ville Platte, a nan Louisiana, tebur shida, shinkafa da jan wake ranar Litinin, miyar gumbo ranar Juma'a. Wata rana Koci Ardoin na sakandaren garinmu yana cin abinci, sai ga Ti-Lee ya shigo da buhun shinkafa biyu, ɗaya a kowace kafaɗa, da guntun burodi a bakinsa yana ci ba hannu. Koci ya ajiye cokali.

"Madam Eulalie, wannan naki ne?"

"Haka dai asibiti suka ce," in ji Mama.

"Shekararsa nawa?"

"Sha biyar. In kana so ka ɗauka, amma ka sani kai za ka ciyar da shi."

Matsalar Ti-Lee tun farko ita ce ladabi. Sai ya ture yaro ya baje a ƙasa, sannan ya sunkuya ya miƙa masa hannu yana cewa, "Sannu, ka ji ciwo?" Koci Ardoin ya riƙa cire hula yana dukan cinyarsa da ita yana ihu: "Malveaux! Ta'aziyya na aike ka? Taka shi ka wuce!" Sai da aka yi shekara biyu kafin ya koyi barin sannun sai an tashi wasa.

Da ya kai ajin ƙarshe, masu farautar 'yan wasa na manyan jami'o'in Kudu suka zo. Suka auna hannunsa suka ce gajere ne. Suka sa shi gudu, mai riƙe da agogo ya tambaya ko shi yana da lokacin zuwa shan kofi ya dawo kafin Ti-Lee ya ƙarasa. Jami'a ɗaya ce tak ta ce ya zo ya yi karatu kyauta, wata 'yar ƙarama a Dakota ta Arewa, dab da iyakar Kanada. Mama ta ciro taswirar da ke bayan kalanda, ta bi da yatsa har ya kusa faɗowa daga takardar.

"Ashe akwai mutane a nan?" ta ce.

Ya tafi a watan Agusta da rigar sanyi ɗaya da kula cike da tsiran boudin. A watan Nuwamba ya bugo min waya.

"Yaya Odile, gashin hancina ya daskare."

"To ka daina shaƙar iskarsu mana."

"Da gaske nake. Jiya na tofa yawu, kafin ya kai ƙasa na ji ya yi ƙara."

Amma bai dawo ba. Kocin 'yan katanga a can, wani dattijo mai suna Halvorsen, ya gano cewa a cikin ƙaton kan nan akwai ƙwaƙwalwa. Ti-Lee na duban yadda abokan hamayya suka tsaya sai ya gane wanda zai kawo hari da ta inda zai ɓullo. Sai ya mai da shi ɗan tsakiya. Ɗan tsakiya shi ne wanda ke duƙawa a kan ƙwallo, ya miƙa ta ta tsakanin ƙafafunsa ga mai jifa, shi kuma mai jifan yana manne a bayansa, ya zura hannuwa biyu a ƙarƙashin mazaunansa yana jira.

A shekararsa ta biyu muka je kallo, ni da Mama. Tana naɗe cikin bargo uku, idanunta kawai ake gani. Aka jera, Ti-Lee ya duƙa, wani siririn yaro mai farin gashi ya matso ya yi abin da aka saba.

"Odile," in ji Mama, "me wancan yaron yake nema a ƙarƙashin ɗana?"

"Ƙwallo yake jira, Mama."

"A nan wurin?"

"A nan ake ba shi."

"Duk faɗin filin nan a rasa inda za a ba shi sai nan?"

Bayan wasa Ti-Lee ya kawo yaron ya gaishe mu. Sunansa Nils, ɗan kirki, mai kunya. Ya miƙo wa Mama hannu da fara'a. Mama ta dubi hannun, ta daɗa cusa nata cikin bargo, ta ce, "Sannu yaro, Allah ya yi albarka. Daga nan ma gaisuwar ta iso."

Shekara uku Ti-Lee ya riƙe tsakiya, kuma a cikinsu ba wanda ya wuce ta gabansa ya taɓa Nils. Ya gama digirinsa, sikeli na nuna laba ɗari uku da goma. Sai aka fara raɗe-raɗin cewa ƙungiyoyin ƙwararru na iya ɗaukarsa a zaɓen watan Afrilu.

Kwana uku ake yin zaɓen, ana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya a talabijin. Mama ta rufe shago, aka kafa rumfa a tsakar gida, aka fito da talabijin waje, aka ɗora tukunyar gumbo da za ta iya wanke jariri biyu. Fada Comeaux ya zo ya yi addu'a ya ci kwano biyu. Ranar farko ba a kira shi ba, ba mu damu ba, ta manya ce. Rana ta biyu ma shiru. Na ɗauka a rana ta uku sai waɗanda suka zo don abinci za su dawo, kuma haka aka yi, kowa ya dawo. An kira mutum ɗari biyu da hamsin da wani abu, har da wani ɗan Ostireliya mai bugun ƙwallo da ƙafa wanda duk jikinsa bai kai cinyar Ti-Lee ba. Da aka kira na ƙarshe, Tanti Zoe, ƙanwar Mama, ta ce, "Ko dai sun tsallake harafin M ne?" Ba wanda ya yi dariya sai ita.

Ti-Lee ya tashi ya shiga kicin ya hau wanke tukwane. Yana cikin wankin wayarsa ta yi ƙara. Wata ƙungiya ce a Florida, suka ce ya zo sansanin atisaye a watan Yuli, ba alkawarin komai, in ya burge su ya zauna.

Akwai abin da duk muka manta. Tun yana yaro Ti-Lee mai zufa ne, ba irin ta mutane ba. A coci Mama kan shimfiɗa masa leda a benci. Shekara huɗu a cikin ƙanƙarar Dakota suka rufa masa asiri, har shi kansa ya manta. Zafin Florida a watan Yuli ya tuna masa tun a filin jirgi.

Mai jifan ƙungiyar a lokacin shi ne Preston Vandergriff, wanda haƙoransa ke kan allon tallan man goge baki daga Tampa har Texas. Ranar atisayen farko Ti-Lee ya duƙa, Vandergriff ya zura hannu, aka miƙa ƙwallo. Ya ɗaga zai jefa, ta suɓuce kamar sabulu a bahon wanka, ta je ta sami kunnen wani mai ɗaukar hoto. Aka sake, ta sake tsere masa. A karo na uku Vandergriff ya miƙe tsaye ya ɗaga hannuwansa sama, ruwa na bin gwiwar hannunsa, ya ce, "Jama'a, wa ya bar famfo a buɗe?"

Daga ranar sunan Leander ya ɓace, kowa Famfo yake cewa.

Da yamma ya kira ni, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Yaya, mutumin nan yau ya koya min yadda ake ninke tawul a cusa a bayan wando. A gaban kowa."

"Da bakinsa ya koya maka?"

"Da hannunsa, Yaya. Sannan ya zazzage min rabin gwangwanin hodar jarirai."

"To ai ka gode Allah, ka samu uwa ta biyu."

"Kar ki faɗa wa Mama."

Kafin ya ajiye wayar na faɗa mata.

Hodar ta yi aiki na minti ashirin. Duk miƙa ƙwallo sai farin hayaƙi ya tashi daga bayansa kamar tsohuwar mota, daga baya hodar ta haɗu da zufa ta zama kunu. Likitan ƙungiya ya auna shi kafin atisaye da bayansa, ya ga laba sha huɗu sun tafi, ya sake auna shi don ya zaci sikelin ne ya lalace. Ƙarshen Agusta wani ya ƙwanƙwasa masa ƙofa da safe ya ce, "Koci na son ganinka, ka taho da littafin dabaru." Duk ɗan wasa ya san fassarar wannan magana: an sallame shi ke nan.

Shekara biyu ya yi yana yawo. Wata ƙungiya a Arizona, cikin hamada, ta ɗauke shi, ban san wane mai hankali ya ba su shawara ba, kwana tara ya yi. Wata a Ohio ta riƙe shi cikin 'yan atisaye, waɗanda ake duka duk mako amma ba sa sa rigar wasa ranar Lahadi. Sau huɗu ana sallamarsa. Duk sallama sai ya dawo shagon Mama ya ɗaura rigar girki, wadda igiyarta ba ta zagaye shi sai an ƙara da ta takalmi, ya tsaya yana juya miya. Masu cin abinci ba sa raga masa.

"Ti-Lee, an ce ruwan sama ya kore ka daga Florida."

"A'a, shi ne ruwan saman!"

Sai ya yi murmushi ya ƙara musu shinkafa. Amma wata rana da azahar na same shi a matakalar bayan shago, ya tsoma yatsunsa cikin bokitin ƙanƙara. Biyu daga cikinsu sun riga sun karkace, ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon yamma.

"Yaya, kin san abin da ya fi ci min rai?" ya ce. "Duk waɗanda suka kore ni, ba wanda ya taɓa cewa ban iya tare mutum ba. Ko ɗaya."

Na zauna kusa da shi har ƙanƙarar ta narke.

A watan Disamba na shekara ta uku, ɗan tsakiyan ƙungiyar Florida ɗin nan ya karya idon sawu. Mai canjinsa kuma aka kwantar da shi za a yi masa aikin hanji, ranar Laraba. Suna da wasa ranar Lahadi wanda in suka faɗi shekararsu ta ƙare, kuma ba wani ɗan tsakiya a zaune a ƙasar nan da ya san dabarunsu sai Famfo. Suka kira shi yana yanka albasa. Ya goge hannu, ya sumbaci Mama a ka, ya tafi da ƙanshin albasar.

A can Arewa za a yi wasan, wani gari a bakin manyan tafkuna, filin ba rufi. A ranar nan sanyi ya sauka irin wanda ruwan gora ke daskarewa a hannun mai sha. Muka cika shago muna kallo a talabijin. 'Yan Florida suka fito a ƙudundune kamar an kamo su daga gado, kowa da safar hannu da abin rufe fuska. Sai ga Ti-Lee a ƙarshe, damatsa a waje, yana shaƙar iska yana lumshe ido kamar wanda ya dawo garinsu.

Da farko Vandergriff bai yarda ya matso kusa da shi ba. Ya riƙa tsayawa taku biyar a baya ana wurgo masa ƙwallo daga nesa, don ya tuna Yuli. Yatsunsa suka sandare. Kafin a gama kashin farko na wasan ya jefa wa abokan hamayya ƙwallo sau biyu, ana cin su goma ba ko ɗaya. Talabijin na nuna shi yana hura hannu kamar zai yi kuka.

Sai aka zo wurin da taku ɗaya kawai suke nema, dole ya matso ya karɓa hannu da hannu. Ya zo yana yatsina fuska, ya zura hannuwansa. Ti-Lee ya ce yana ji mutumin ya saki wata ajiyar zuciya mai tsawo. A duk filin nan mai ɗaukar mutum dubu saba'in, ba inda ke da ɗumi sai nan. Kuma sanyin ya hana zufar tsiyaya, ɗumin kawai ya bari, har tururi ke tashi.

Daga nan Vandergriff bai sake ja da baya ba. Koci na yi masa magana ta rediyon cikin kwalkwali yana cewa ya koma nesa, shi kuwa ya riƙa buga kunne yana nuna wai rediyon ta mutu. Ya daina gaggawa. Sai ya zura hannu ya yi ta ƙirga, yana kiran launuka da lambobi da sunayen garuruwa da ba sa cikin littafin dabaru, har agogo ya kusa cika.

"Ranka ya daɗe," in ji Ti-Lee daga ƙasa, kansa a tsakanin gwiwoyi, "ko in sa a kawo maka kujera?"

"Yi shiru, Famfo. Duk abin da kake yi, ci gaba da yi."

Yatsu suka warware, jifa ta dawo. Sun ci wasan da maki ashirin da huɗu, abokan hamayya ashirin. Masu sharhi a talabijin suka yi mako guda suna zana kibiyoyi a allo, suna bayanin hikimar Vandergriff da ya koma salon magabata don ya rikita abokan hamayya. Wani har ya ce za a riƙa koyar da wasan a makarantu. Ba wanda ya ambaci cewa a gaban Ti-Lee akwai wani ƙato mai laba ɗari uku da arba'in da ake tsoro a duk gasar, kuma ranar ko rigar mai jifa bai taɓa ba.

Amma Vandergriff ya sani. Da aka zo shirin shekara mai zuwa ya shiga ofishin manya ya ce ba ya son ganin bayan kowa sai na Malveaux. Haka Ti-Lee ya yi shekara bakwai a ƙungiyar. Maganar zafi kuwa suka sasanta: wando huɗu kowane wasa, a canja a bayan wani labule da ake ɗaga masa a gefen fili, da tawul sabo duk bayan hari. Ya ce a cikin shekarun nan ya sauya wando a gaban jama'ar da ta fi yawan mutanen Louisiana. Suka zama aminai na gaske, shi da Vandergriff. Da aka haifa wa Vandergriff 'ya, Ti-Lee ne ya tsaya mata a matsayin uban baftisma, ya riƙe ta a tafin hannu ɗaya.

Ƙarshen ya zo a watan Oktoba na shekararsa ta tara. An kwana ana ruwa, fili ya yi laushi. Yana riƙe da mutuminsa, wani ya faɗo masa a gwiwa ta gefe. Ina cikin 'yan kallo ranar, kuma ban ji ƙarar ba, amma na ga yadda abokan hamayya da kansu suka riƙa ɗaga hannu suna kiran likita. Aka kawo 'yar motar da ake ɗaukar masu rauni, mutum biyar suka ɗora shi. Direba ya taka, tayoyin baya suka nutse a taɓo suna juyawa a wuri ɗaya. Sai sauran 'yan katanga huɗu suka ajiye kwalkwali suka sa kafaɗa, Vandergriff ma ya zo ya ɗora hannu ɗaya don a ɗauke shi hoto. Suna turawa, jama'a na tafi, Ti-Lee na kwance hawaye na bin kunnensa don azaba, yana ɗaga hannu yana juyawa a hankali kamar sarauniyar kyau a ranar fareti.

Aka yi masa aiki sau biyu. Likita ya ce zai iya komawa in yana so ya ƙarasa rayuwarsa a keken guragu. Ya ce ya gode, ba ya so.

Ya dawo gida ya sayi gona a hanyar garin Mamou, ya hau noman dankali. Cikin shekara ɗaya ya zubar da laba tamanin, don ya ce bai taɓa son cin ƙwai goma sha biyu da safe ba, aiki ne ya sa. Mama ta ɗaga hankalinta ta sa Fada ya saka sunansa cikin marasa lafiyan da ake yi wa addu'a. Matakala da baya da baya yake sauka. Ranar Lahadi in an kunna ƙwallo sai ya kalli minti goma, ya ce ɗan tsakiyan can bai ga mai zuwa ta hagu ba, a buge mai jifa, ya tashi ya tafi duba shukarsa.

Bara ya kai dankalinsa gasar bikin amfanin gona na gundumarmu. Ya wanke su ɗaya bayan ɗaya da burushin haƙori, ya jera a kwando, ya sa riga mai kwala. Ya zo na uku, bayan wata tsohuwar malamar makaranta da wani mai gyaran taya. Mutumin da aka sallama sau huɗu bai ce uffan ba, sai ga shi ya yi wata guda yana mita, wai alƙalan ba su san dankali ba, wai girma suka duba ba zaƙi ba. Na ce masa ya haƙura, ya ce haƙuri ba nasa ba ne a wannan magana. Ya sayo sabon iri daga Carolina, ya shuka a kudancin gonar, ya hana kowa shiga wurin, har Mama.